Kafireton Injin Malam da Tafiyata Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci, a bakin kanal, a wurin mai shayin kan titin Kura, kowa sai ya tare ni: "Ya'u, wai da gaske ƙasar waje ka tafi saboda ɗan ƙarfen da bai kai buta ba?" Wasu don su ji suke tambaya, wasu don su yi dariya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa na ɗaukar inda ya yi masa daɗi yana ƙara gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, a yi haƙuri da rubutun. Inda aka ɓata mini rai zan faɗa. Inda ni na ɓata kuma ba zan ɓoye ba, don akwai.

Gonakinmu suna gefen Bunkure, a kan tudu, inda ruwan kanal ba ya hawa da kansa. Masu gona a ƙasa kunya kawai suke fasawa ruwa ya shiga. Mu sai an turo mana. Abin da ke turowa wani tsohon injin mota ne da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayo a cire, ya ɗora a kan katako, ya haɗa shi da babban famfo. Ba wanda ya taɓa tambayar daga wace mota aka ciro shi. Injin Malam ake ce masa, shi ke nan. Ƙananan injinan ban-ruwa na yanzu mun gwada su, suna kai ruwa gonata da ta maƙwabcina, daga nan sai su sare. Gona ta can ƙarshe, wadda ta fi kowace hawa, ta Baba Nomau ce.

Baba Nomau abokin mahaifina ne, Bamaguje, daga gidajen da suka riga kowa zama a yankinmu. Ya tsufa, 'ya'yansa duk suna birni, kuma tumatirin rani shi ne cinsa na shekara. Bana dashensa ya kama da kyau, fure ya fara fitowa, sai injin ya mutu. Wanda ya san tumatir ya san wannan shi ne mummunan lokaci. Idan ya ji ƙishi yana fure, furen zubewa yake, kuma furen da ya zube ba ya zama ɗa.

Kafireto ne ya kashe shi. Wanda bai san kafireto ba, ɗan abin nan ne da ke zaune a jikin inji yana gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Ƙafarsa, wato gindin da ake ɗaurewa da noti, ita ta tsage. Garba makanike na Kura ya liƙe da gam, ya ɓalle. Na ce a yi walda, ya ce irin ƙarfen nan narkewa yake kamar kitse. Ya ɗauko na wasu motoci ya gwada, hudar noti ba ta zo daidai ba.

"Kawu, motocin yanzu ba su ma da wannan abin," in ji shi. "Sai ka fara sanin ta wace mota ce, sannan a san me ake nema."

Na nufi Kano, kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, na bi rumfa-rumfa. Matasa su juya shi a hannu su ce, "Baba, wannan ai gidan tarihi za ka kai." Can na samu wani dattijo a lungu. Ya kankare baƙin mai da farce, wata 'yar lamba ta leƙo a gefe, da ƙyar ake ganinta.

"Na Faransa ne," ya ce. "Amma wace mota, ba zan rantse ba. Da ka zo shekarun baya, da buhu zan ba ka irinsa. 'Yan gwangwan sun kwashe."

A nan raina ya fara ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga, waɗanda suka kai iyayenmu asibiti, an bi su gida-gida an sare da gatari, an ɗora a sikeli kamar albasa, an narka. Ba wanda ya tsaya ya ce a ware abin da ke da sauran amfani. Inji mai rai da murfin tukunya duk kuɗinsu ɗaya a wurin mai sikeli. Gari kamar Kano a ce babu ko ɗaya da ya tsira. Dattijon ya ce in zan iya, in tafi Damagaram, can har yanzu akwai tsofaffin da ke karanta irin wannan lamba. Ya kwatanta mini garejin wani abokinsa, Malam Issufu.

Ga kuskurena na farko. A wurinmu ba a zuwa baƙunta da ƙazanta. Ko kwandon tumatir za ka kai wa mutum sai ka goge na sama. Na dubi kafireton nan baƙi ƙirin da dattin shekaru, na ce ba zan kai shi wata ƙasa a ce Kanawa ƙazamai ne ba. Na zauna a bakin kanal da toka da lemon tsami da yashi mai laushi, yadda mata ke yi wa tukunyar alminiyam, na dirje shi. Inda ya ƙi fita na sa samfefa. Ya fito fari fat yana ƙyalli, har na ji daɗin kaina.

Kafin in tashi na hau gonar Baba Nomau. Na same shi ya ɗauko jarka a ka tun daga kanal, yana bin gindin tumatir yana zuba wa kowane rabin kofi.

"Baba, zan je in dawo."

"Je ka, ɗan Malam. Kada dai ka zauna cin kilishi. Waɗannan ba su san haƙuri ba."

Daga Kano na shiga motar da ke bi ta Kazaure da Daura. An cusa mu kamar buhunan masara. Na gefena wani mai fataucin raguna ne, tun kafin mu fita gari ya mai da kafaɗata matashi, ya yi ta minshari yana hura mini warin tafarnuwa. Da muka tsaya sallah ya farka ya ce bai runtsa ba saboda yawan motsina. Ban tanka ba. Da na riƙe bakina haka har ƙarshen hanya, da labarin ya bambanta.

Shingaye a hanyar iyaka ba su ƙirguwa. A ɗaya daga cikinsu, ba zan faɗi ko na wane ɓangare ba ne, wani mai kaki ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya zaro kafireton daga buhuna, rana ta haske shi.

"Mene ne wannan?"

"Kafireto ne, ranka ya daɗe. Tsoho ne, ya mutu."

"Tsoho ne yake ƙyalli haka? Sabon kaya ne. Ina takardarsa?"

Na nuna masa tsagar. Ya duba, ya gani, har ya fara miƙo mini. Da na karɓa na yi godiya, da an wuce wurin. Sai na ji bakina yana cewa, "Wanda bai iya bambance mataccen ƙarfe da sabo ba, ban san me yake tsaro a nan ba."

Bai yi faɗa ba. Ya janye hannunsa a hankali ya ce, "To, Malam, zauna a bencin can ka koya mini."

Na zauna. Direba ya roƙa, mai raguna ma ya roƙa, Allah ya saka masa, amma mutumin ya yi kamar bai ji ba. Motar ta gaji ta tafi. Ina kallo aka wuce da kayan da suka fi nawa buƙatar bincike, ni kuwa ina benci saboda mataccen ƙarfe, har rana ta faɗi aka daina ƙetarawa. A rumfar wani mai tuwo na kwana, a kan tabarmar da ke warin manja. Da safe wani mai kakin daban ya miƙo mini abina ko kallo bai yi ba. Har gobe ina cewa wancan mutumin ya zalunce ni, don ba shi da hujjar riƙe ni. Amma bakin nawa ne, ba wanda ya ara mini.

Na isa Damagaram rana ta take. Na tambayi garejin Malam Issufu, aka nuna mini, na tarar da ƙofa a rufe. Ba ita kaɗai ba, layin duka. Ashe su can in rana ta yi tsaka kowa rufewa yake ya tafi gida ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. A Kura da mutum zai rufe shago a irin wannan lokaci, da an je gidansa dubiya. Na zauna a gindin bango ina cizon yatsa, ina tuna jarkar Baba Nomau.

Malam Issufu ya iso bayan la'asar, gajeren tsoho mai farin gemu, tsohon direban babbar mota. Da ya ji daga inda nake sai ya washe baki.

"Bakano ne? Allah ya kawo mini bawa har gida. Shigo, ka ci abincin iyayengijinka."

Na san akwai wasa tsakaninmu da Damagarawa, don haka na ce masa mu ne dai muke ciyar da su tun kaka da kakanni. Ya sauke ni a wani ɗaki a bayan garejin, tsakanin tsofaffin tayoyi. Aka kawo burabusko da miyar kuka, na ci na ƙoshi, ba abin kushewa. Burodinsu ne ban yafe ba. Dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cizon farko ya yanke mini dasashi. Sun ce haka ake so. Tumatir kuma yawanci busasshe suke dakawa su zuba a miya, abin da mu sai kasuwa ta faɗi muke shanyawa.

Na so a duba kafireton nan take, amma sai da aka kafa shayi. Majalisarsu fada suke ce mata, kuma shayinta zagaye uku ne a 'yan ƙananan kofuna, na farko ɗaci kamar maɗaci. Ba a maganar abin da ya kawo ka sai an sha na fari, ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Tsofaffi biyu suka zo suka zauna. Ɗaya Mamman Landiroba ake ce masa, don ya yi shekaru yana tuƙa likitocin dabbobi a daji. Ɗayan Soja Abdu, tsohon direban soja.

Da na zaro shi, Malam Issufu ya karɓa, ya juya gefe inda lamba take, ya shafa da yatsa, ya sake shafawa. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni ne. Na ga bai dace in kawo muku shi da datti ba."

"Da me?"

"Toka da yashi. Da ɗan samfefa."

Ya miƙa wa Mamman. "Ku duba aikin Kanawa. Ya ƙetaro ƙasa don a gaya masa sunan abu, kuma sai da ya goge sunan kafin ya taso." Wurin lambar ya yi sumul kamar bayan cokali. Suka yi dariya har Soja Abdu ya ƙware da shayi. Ni kuwa kamar in nutse.

Daga nan gardama ta tashi. Mamman ya ce ko a mafarki ya san wannan, na Landiroba ne, irin na farkon nan masu rufin tanti, ya sha kwance shi a tsakiyar rairayi. Soja Abdu ya ce ƙarya ne, na ƙaramar jif ɗin soja ce, da hannunsa ya sha wanke shi a bariki.

"Kai da ba ka taɓa buɗe bonet ba sai in kwamanda na kallo," in ji Mamman.

"Kai kuma shanu ka tuƙa, ba mota ba."

Na ce, "Don Allah, iyayena, tumatir na mutuwa. Wanne ne gaskiya?"

Malam Issufu ya ce, "Duka biyun. Abin da ya sa lambar ke da amfani ke nan, Bakano." Ya bayyana mini cewa gida ɗaya ne a Faransa ya ƙera irin wannan kafireto mai maƙogwaro ɗaya, wanda iska ke shiga ta sama ta gangara, ya kuma sayar wa masu motoci daban-daban. An sa shi a Landiroba ta farko, an sa a jif, an sa a baƙar motar nan mai dogon hanci ta manyan Nasara, an sa a tsofaffin Fijo. Jiki ɗaya ne, amma kowace mota da irin hannun totur ɗinta, da irin ma'aunin fetur ɗinta. In ka ɗauki na wata ka sa wa wata, ko ya ƙi zama, ko inji ya yi ta shaƙewa.

Ya kwance shi ya fito da wasu 'yan ƙananan tagulla masu huda, waɗanda ke auna fetur, jet suke ce musu. Ya ce ko su za su iya faɗin gaskiya, don su ma da 'yar lamba a kansu. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ta hasken rana, ya yi tsaki. Kansa ya cinye da bakin wuƙa, hudar kuma ta yi faɗi.

"Wa ke zura masa allura?"

Wannan kam ba ni kaɗai ba ne. A bakin kanal duk wanda injinsa ya yi tari, basillar ɗinkin buhu yake zarowa ya soka. Haka na ga ana yi, haka na yi shekara da shekaru, muna ta mamakin yadda injin Malam ke shan mai kamar raƙumi.

Malam Issufu ya ajiye tagullar. "To, tunda kun kashe shaidu, sai mu tambayi wanda ya ga gawar. Injin naku a tsaye yake ko a kishingiɗe?"

"A tsaye."

"Fulogi ta ina suke?"

"A tsakiyar murfi, cikin wasu ramuka masu zurfi."

Malam Issufu ya kife kafireton, ya nuna wasu 'yan bututu biyu a ƙafarsa. Tun ina yaro na san su a toshe da guntun itacen dalbejiya, mahaifina ne ya toshe, ba wanda ya san amfaninsu. Ya ce ta nan ruwan zafi na inji ke ratsawa, don a Faransa sanyi na sa maƙogwaron ya yi ƙanƙara. Na Landiroba ba shi da su, na jif ma haka.

"Fijo ce," ya ce. "Ba akori-kurar da kuka sani ba, mai inji a kishingiɗe. Yayarta. Mu nan kat-san-turwa muke ce mata, ku ɗari huɗu da uku."

"Jif ma da an sa mata zai yi," in ji Soja Abdu, yana miƙa kofi a ƙara masa.

Sanin suna daban, samun abu daban. Washegari muka zaga garin da Malam Issufu. Duk inda ya san akwai gawar irin motar, sai mu tarar da fili da baƙin tabon mai a ƙasa. An ɗauke. Wa ya ɗauke? Manyan motoci ne ke zuwa su loda su yi kudu da su. Wato mutanenmu. Na yi ta zagin 'yan gwangwan a hanya har ya ce in rage murya, kada a ɗauka da shi nake. Daga ƙarshe ya ce saura wuri ɗaya, amma in ɗaure harshena, don gidan Hajiya Mariyama ne, matar wani ubangidansa da ya rasu.

Muka yi sallama, aka ce mu shigo. Ga motar nan a tsakar gida ƙarƙashin bishiya, a kan duwatsu, babu taya, tantabaru sun yi gida a bayanta. Amma an share kewayenta tas, an ɗaure bonet da waya. Hajiya ta fito, doguwar tsohuwa da carbi a hannu. Buhuna ta fara dubawa kafin fuskata.

"Issufu, ɗan gwangwan ka kawo mini?"

"Baƙo ne daga Kano, Hajiya."

"Ai daga can suke zuwa. Ba sa barina in huta. Sun cinye na ƙasarsu, sun ƙetaro suna cin namu."

Ni da na kwana a kan tabarmar mai tuwo, ni da na wuni ina tsine wa mutanen nan, ni ake kira ɗan gwangwan. Maganar ta taso mini har wuya. Malam Issufu ya take mini ƙafa da dukkan nauyinsa, na haɗiye. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata.

"Ba ta sayarwa ba ce," ta ce, "ko noti ɗaya. Da ita Alhaji ya yi ta kai gyaɗa Kano. Da ita aka ɗauko ni daga garinmu ranar da na tare. Ina nan da raina ba mai ɗora ta a sikeli."

Na ce ban zo da sikeli ba. Na ba ta labarin injin, da tudun, da tumatirin da ke fure, da tsohon da ke hawa da jarka a ka.

"Ɗan'uwanka ne?"

"Abokin mahaifina ne, Hajiya."

"Yaro ne?"

"Zai girme ki."

"Kuma ƙarti kamarku kuka bar shi yana ɗaukar jarka? Ku Kanawa in ba ciniki ba, ba ku san komai ba." Ta ja carbi. Sannan ta ce, "Issufu, buɗe mu gani."

Ya kwance wayar ya ɗaga bonet. Inji a tsaye, fulogi cikin ramuka, kamar na gida aka ɗauko aka ajiye. Ga kafireton a gefensa, baƙi, da 'yan bututunsa biyu, guntun roba na maƙale a jikinsu. Zanzaro ya yi gini a maƙogwaronsa. Malam Issufu ya kwance shi ya haɗa ƙafarsa da ta nawa, huda ta hau kan huda. Babu tsaga.

"Aro ne," in ji Hajiya. "Aiki zai je yi, shi ya sa. Naka mataccen a ɗaura shi a gurbin, ba a bar mini mota da rami ba. Ranar da injinku ya mutu, ko ka ji sikeli na ba ka sha'awa, ka dawo mini da abina. Issufu shaida ne."

Na sa hannu a aljihu, ta ce in na zaro ko me ne, a mayar da kafireton inda aka ciro shi. Na zaro hannuna wayam.

A gareji Malam Issufu ya jiƙa cikinsa da fetur, ya busa kowace huda da famfon taya, ya yanka sabon gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana yoyo, daga kwali. Bayansa kuwa bai taɓa ba, ya bar shi da dattinsa da lambarsa. Ya ce in ya ji labarin toka ko basilla ta kusance shi, da kansa zai zo Kura ya kama ni a matsayin bawansa da ya gudu. Ya sa ni dole na sha shayi har zagaye na ƙarshe, ya cusa mini sandar burodi a buhu, ya raka ni tasha.

A dawowa kowane shinge na gaishe da masu kaki kamar surukaina. Ba wanda ya kula da baƙin ƙarfen da ke buhuna.

Ban biya gida ba. Daga Kura na ɗauki Garba a babur muka wuce bakin kanal. Ya ɗaura, ya ja noti a hankali, ya zuba ɗan fetur a maƙogwaro. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama. Wani irin sauti yake yi mai laushi wanda rabona da ji tun mahaifina na da rai. A ƙa'idarmu gonar da ta fi kusa ita ke fara sha, wato tawa. Na toshe tawa, na roƙi maƙwabcina ya toshe tasa, muka bar ruwan ya miƙe sama. Na bi tiyo da gudu ina jin yana kumbura a ƙarƙashin ƙafata.

Baba Nomau na tsaye da fartanya, ya rame, kafaɗarsa ta saɓule saboda jarka. Fangulan ƙasa, waɗanda ya iya kai wa ruwa da hannunsa, sun yi laushi amma furensu na nan. Na sama kuwa ganye ya naɗe ya yi ruwan ƙasa, furen ya zube a gindi kamar an watsa gero. Na ja tiyo zan kai can, ya riƙe mini hannu.

"Bar waɗannan. Sun tafi. Jiya da safe da sauran ransu, yau kam babu. Kawo nan."

Na tsaya da tiyo a hannu. Jiya da safe da ina nan, da ban zauna a benci ba. Ba wanda ya san wannan a Bunkure, kuma da na yi shiru ba mai sani. Na gaya masa duka, da abin da mai kakin ya ce, da abin da ni na ce.

Ya saurara yana kallon fangulan da suka bushe, bai katse ni ba. Da na gama ya sunkuya ya fasa kunya da fartanya.

"To, na ji, ɗan Malam. Juyo da bakin tiyon, ruwa na zuba a banza."